Kafin a nemi ƙarin zango: yadda ake tafiyar da zangon rediyo a reson salula na jihar Tawa

Da zarar reso ya cushe a gari, kira yana yankewa, saƙon murya yana ta juyawa ya ƙi tafiya, abin da ke fara fitowa daga bakin ma'aikata shi ne zango, wato rabon igiyoyin rediyo da waya da turken reso ke magana ta kansa, ya yi kaɗan, a nemo ƙari. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa zangon da kamfani ya riga ya biya kuɗinsa ne ba a mora: wani ɓangare hayaniya ta cinye shi, wani an bar wa fasahar da masu amfani da ita suka ragu, wani kuma yana ɗauke da mutanen da bai kamata su zauna a kansa ba. Sabon zango yana buƙatar lasisi da kuɗi masu nauyi da sababbin kayan aiki, kafin ya iso kuwa jama'a sun gaji da jira. Na rubuta wannan ne don matasan injiniyoyi da masu aikin turaka a jiharmu, na kuma jera matakan daga mai araha zuwa mai tsada. A bi su a jere, domin kowanne yana canza lissafin na gabansa.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Zangon rediyo dukiyar ƙasa ce. A Nijar hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018, ita ce ke raba shi tsakanin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, tana bin tsarin hukumar sadarwa ta duniya ITU, wadda ta sa Afirka da Turai cikin yanki guda. Wannan ne ya sa zangunanmu suka dace da wayoyin da aka ƙera don Turai, suka saɓa da wasu na Amurka.

Nemi takardar lasisin kamfaninku ka rubuta inda kowane rabo ya fara da inda ya ƙare, hawa (daga waya zuwa turke) da sauka (daga turke zuwa waya). A zangon 900 na asali waya tana magana da turke tsakanin megahaz 890 da 915, turke yana amsa mata tsakanin 935 da 960. A 1800 hawa 1710 zuwa 1785 ne, sauka 1805 zuwa 1880. A 2100 hawa 1920 zuwa 1980, sauka 2110 zuwa 2170. Zangon 800, wanda aka samu daga wurin da talabijin ta dā ke zaune, a juye yake: sauka 791 zuwa 821, hawa 832 zuwa 862. Daga nan ka fitar da saitin kowane turke ka gwada da takardar. Kada ka yarda da taswirar da ke cikin kwamfutar ofis sai ka ga abin da na'ura ke watsawa da gaske. Ana samun tasha, wato ƙaramin yankin zango, da aka ƙara don wani taro aka manta da ita, ana samun wadda lasisi ya ba ku amma ba a taɓa kunna ta ba.

Riƙe wannan tun yanzu: duk lokacin da lambar zango ta ninka, kamar daga 900 zuwa 1800, asarar da sigina ke yi a sarari tana ƙaruwa da desibel 6, wato ƙarfin da ke isa waya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa 800 da 900 ke kai wa nesa, suna ratsa katangar laka da ta siminti, 1800 da 2100 kuwa sun fi faɗi amma tafiyarsu gajera ce. Zangon ƙasa, wato 800 da 900, kamar fadama yake a ƙasar Adar: ba shi da yawa, kuma ba a shuka masa abin da tudu zai iya ɗauka.

Mataki na biyu: auna a sa'ar cunkoso

Matsakaicin lissafin yini ruɗi ne. Fuskar turke, wato ɓangaren da eriya guda ke kallo, da ke kwana babu kowa, ta cika maƙil bayan isha'i, za ta nuna maka rabi, ka ɗauka lafiya lau take. Fitar da ƙididdiga sa'a bayan sa'a, fuska bayan fuska, na aƙalla mako huɗu, ka nemo wa kowace fuska tata sa'ar cunkoson. Ta garin kasuwa ranar kasuwa ce da hantsi. Ta unguwannin cikin Tawa da dare ce. Da azumi komai yana komawa bayan buɗa-baki.

A 2G duba kiran da aka hana shiga saboda rashin gurbi, wato wurin da kira guda ke zama. In ya haura kashi 2 cikin ɗari akwai magana. Duba gurbin sigina daban, domin shi ke ɗauke da gajerun saƙonni da lambobin tauraro da ake dannawa don sa kiredi ko tura kuɗi, yana kuma iya toshewa alhali guraben magana na nan a sake. A 4G zango a yanke yake tubali-tubali, kowanne kilohaz 180: megahaz 5 tubali 25, megahaz 10 tubali 50, megahaz 20 tubali 100. Fuskar da ke cin kashi 70 zuwa 80 na tubalanta kullum a sa'ar cunkoso ta kusa maƙurewa.

Kada ka tsaya nan. Duba ingancin siginar da wayoyi ke ba da rahoto. Wayar da ke ji rangadau tana karɓar bit 6 na data a kowace alamar da turke ya aiko, wadda ke cikin hayaniya 2 kawai. Ke nan fayil guda zai ci tubali ninki uku, ko fiye, a hannun ta biyun. Fuska biyu suna iya cika daidai wa daida, ɗaya don jama'a sun yi yawa, ɗaya don siginarta ta ɓaci. Ta farko ce kaɗai ƙarin zango zai yi wa magani.

Mataki na uku: share hayaniya

A nan zan daɗe, domin nan ne zango ya fi salwanta ba tare da kowa ya lura ba. Waya ƙaramar murya gare ta. In hanyar hawa ta cika da hayaniya turke ba ya jin ta, sai ta ɗaga murya, batirinta ya ƙare da wuri, ta kuma dami maƙwabta.

Fuska mai lafiya a 4G tana nuna hayaniyar wajen -120 zuwa -115 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina) a kan kowane tubali idan babu cunkoso; a 3G wajen -105 a kan megahaz 5 ɗin baki ɗaya. Kowane ƙarin desibel 3 ninki ne. Fuskar da ta tashi da desibel 10 ta rasa mutanen bakin iyakarta, ko da sandunan reso cike suke a wayoyinsu.

Zanen hayaniya na sa'a 24 yana faɗa maka inda za ka nufa. In tana hawa da yamma ta sauka da ƙarfe uku na dare, tana bin cunkoso ne: ko dai lodi, ko matsala a kayan turken kansa. Gwada da tsakar dare: ɗora wa hanyar sauka lodin gwaji ka kalli hanyar hawa. In hayaniya ta tashi tare da shi, aika mai hawa turke. Abin da zai tarar yawanci mahaɗin kebul ne da ya saki, ko ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo ta, tsatsa ta kama. Tsatsa tana gauraya siginonin turke ta haifar da sababbi da ke faɗawa kan hanyar hawa. Tsohon kwanon rufi ko tankin ruwa da ke daf da gaban eriya ma yana yin haka. A kwance mahaɗin, a goge, a ɗaure da ma'aunin ƙarfinsa, a naɗe shi da tef mai hana ruwa tun daga ƙasa zuwa sama don kada ruwa ya sami baki.

In kuwa hayaniyar a miƙe take dare da rana, daga waje take. Ga alamar da na fi yarda da ita a garuruwanmu: gwada zanen da lokutan ɗauke wuta a unguwar. Hayaniyar da ke ɓacewa da ɗaukewar wuta, ta dawo da dawowarta, na'ura ce da wani ya jona a gidansa ko shagonsa. Mafi yawa na'urar ƙara ƙarfin reso ce da ake sayowa a kasuwa. In eriyarta ta waje da ta ciki suka kusanci juna sai ta riƙa jin kanta tana maimaitawa, ta toshe kunnen turke gaba ɗaya. Akwai kuma wayoyin gida marasa igiya da aka ƙera don Amurka, masu aiki tsakanin 1920 da 1930, daidai kan hanyar hawa ta 2100.

Ɗauki na'urar auna zango da eriyar hannu mai nuna alƙibla. Tsaya a wuri mai tudu ka juya a hankali har siginar ta fi ƙarfi, ka ja layi a taswira. Koma wani gefen ka sake. Inda layukan suka haɗu, sauka ka taka da ƙafa, kana ɗaga kai kana duban rufin gidaje. Ƙaramar eriya a kan gora ko bututun ƙarfe za ka gani.

Ba ka da ikon ƙwace kayan kowa, wannan na hukuma ne. Kuma mutumin bai sa ta don mugunta ba, reso ne ba ya shiga ɗakinsa. Yi sallama, a gaisa sosai, sannan ka ce, "Alhaji, alfarma muka zo nema. Na'urar nan da ke bisa rufi muke zaton tana hana unguwa samun reso. Ko za a kashe mana ita minti biyar mu gani?" Abokin aikinka na kan layi yana kallon zanen. In hayaniya ta faɗi, nuna wa maigidan a wayarka, ka bar shi ya gani da idonsa. Sannan ka rubuta matsalar gidansa ka kai ta inda za a gyara. In ba a yi ba, zai sayo wata.

Mataki na huɗu: kowace fuska ta tsaya a gonarta

Ƙasar Keita da Buza tudu ce da kwari. Turken da aka kafa a kan dutse yana hango nesa, siginarsa ta tsallake garin da ke gindinsa ta je ta faɗa kan garin da ke da nasa turken. Ƙididdigar tazarar lokaci, wadda ke nuna nisan waya daga turke, ita ce ke tona shi: a GSM, wato 2G, kowane taki wajen mita 550 ne, iyakarsa taki 63, kusan kilomita 35, a 4G taki wajen mita 78. In fuska tana ɗauke da wayoyi daga kilomita 15 alhali akwai turke kusa da su, ta wuce gonarta.

Maganin sunkuyar da eriya ne. Eriyar da ke mita 40 daga ƙasa, in an sunkuyar da ita digiri 1, tsakiyar haskenta na sauka a wajen kilomita 2.3, digiri 2, wajen kilomita 1.1, digiri 4, ƙasa da mita 600. Ka ga digiri guda ba abin wasa ba ne. Fara da sunkuyon lantarki, domin yana rage da'irar ko'ina daidai, na ƙarfe kuwa gaba kawai yake dannewa ya bar gefuna. Canza digiri ɗaya ko biyu, bar shi ya kwana biyu, sake aunawa.

Wannan shawara ba ta shafi arewa ba. Daga Abalak zuwa Cintabaraden, makiyayin da ke kilomita 25 daga turke ba shi da wani turken. A can nisa shi ne aikin, kada a taɓa.

Sai tsarin tashoshi. A GSM siginar da waya ke saurare dole ta fi ta wata fuska mai tasha iri ɗaya da aƙalla desibel 9. Tsarin da aka saba shi ne ware tashoshin sanarwa (waɗanda fuska ke shelar kanta ga wayoyi da su) 12 ga turaka huɗu masu fuska uku-uku, a maimaita. A 4G duk fuskoki zango guda suke amfani da shi, lambar PCI ce ke bambanta su, guda 504. Kada maƙwabta biyu su yi lamba ɗaya, kuma a guji fuskoki masu kallon juna su bar saura iri ɗaya in an raba lambobinsu da 3. Gyara jerin maƙwabta, cire waɗanda ba a taɓa miƙa musu kira ba. Iyakar yankin rajista, wato rukunin turakan da waya ke sanar da reso tana cikinsa, kuma kada ta ratsa babbar hanya a wuri mai cunkoso irin mararrabar Tsarnawa: kowace motar fasinja da ta wuce, wayoyin cikinta duka za su nemi sabuwar rajista lokaci guda.

Mataki na biyar: na kusa su hau sama

Ba wa 1800 da 2100 fifiko a saitin zaɓen fuska, ta yadda wayar da ke kusa da turke za ta zauna a can, ba za ta sauko 800 ko 900 ba sai siginarta ta yi rauni, a ce wajen -110 dBm a 4G. Fara da wannan ka daidaita bisa abin da ka gani. In ka tarar da zangon ƙasa ya cika, na sama na hutawa, saitin ne bai yi ba. Inda na'ura da wayoyi suka iya, kunna haɗa zango biyu ga waya guda.

Nemi kuma jerin wayoyin da suka iya 4G amma suke zaune a 3G ko 2G. Da yawansu tsohon sim ne a ciki, ko an kashe 4G a saiti. Tebur guda a bakin kasuwa inda ake canza sim a gyara saitin waya yana sauke wa 3G nauyin da wata sabuwar na'ura ba za ta sauke ba.

Mataki na shida: sake rabo, a bi wayoyin da ke hannun mutane

Megahaz guda a 4G yana ɗaukar data fiye da yadda zai ɗauka a 3G, balle 2G. Don haka kowa na son kwashe zango daga tsofaffin fasahohi. Daidai ne, amma wayar da ke aljihun mutum ce ke yanke hukunci. Lambobi 8 na farkon IMEI, wato lambar shaidar waya, suna nuna samfurin waya, daga nan ka san zangunan da take ji da ko tana iya kira ta 4G. Fitar da wannan ga kowane gari. Cikin Tawa da Ƙonni za ka ga manyan wayoyi da yawa. A ƙauye, tsohuwar da ke jiran kiran ɗanta daga Abijan ƙaramar waya mai maɓallai ce a hannunta, 2G kaɗai take ji. Wanda ya matse 2G har kiranta ya daina shiga bai yi aikin kirki ba, ko da zanen data ya yi kyau a Yamai.

Hanyar ita ce a rage wa 2G faɗi ba tare da an rage mata ƙarfin ɗauka ba. Tashar GSM kilohaz 200 ce mai gurbi 8. Fuska mai tasha guda, in an cire gurbin sigina, saura 7, waɗanda bisa lissafin Erlang ke ɗaukar erlang 2.9 a kan hana kira kashi 2 cikin ɗari. Erlang guda shi ne gurbi guda a cike na tsawon sa'a. A ce kowane mutum na magana daƙiƙa 90 a sa'ar cunkoso, wannan fuska ta ishi mutum kusan 117. Kunna rabin-gurbi, inda kira biyu ke raba gurbi guda: 7 sun zama 14, erlang ya koma 8.2, mutum sama da 320, ba a ƙara ko tasha ɗaya ba. Murya na ɗan raguwa, saboda haka a saita shi ya shiga sai fuska ta fara cika. Kunna tsallen tasha kuma, wanda ke sa kira ya riƙa sauya zango cikin sauri, katsalandan ya rarrabu maimakon ya tare a kan mutum guda.

A ce kuna da megahaz 10 a zangon 900, tashoshi 50 ke nan. Cire 25 ka ba 4G, saura 25: 12 na sanarwa, sauran na magana da tsalle, a bar rata a gefe. Sa sabon yankin a tsakiyar rabonku, tashoshinku na GSM su yi masa katanga dama da hagu, don kada ya goga da na wani kamfani. Kada a yi turke ɗaya-ɗaya. Ɗauki gari da kewayensa, ka share waɗannan tashoshi 25 a turakan da ke zagaye da shi su ma, in ba haka ba GSM ɗinku ce za ta dami 4G ɗinku. Yi aikin da tsakar dare, tsohon saiti na ajiye inda za a maido shi cikin mintuna, da safe kuma mota ta zagaya tana aunawa.

Lokaci ma a zaɓa. Ba jajibirin salla ba, ba daren kasuwa ba, ba lokacin cirar albasa a Galmi ba. Kuma a tuna jihar nan jama'arta tafiya suke: bayan girbi ƴan cin rani sun fita, gab da damina sun dawo da sababbin wayoyi, makiyaya sun yi arewa. Lissafin watan Janairu ba zai yi wa Yuli ba. Taron ƴan kwanaki, irin gasar kokowa ta takobi in ta zagayo, turken tafi-da-gidanka ake kai masa da tashoshin aro, a rubuta ranar da za a maido su.

A ganina 3G ce ta fi cancantar a fara ragewa, musamman a 2100. Sai dai a duba tukuna: wayar 4G da ba ta iya kira ta 4G tana saukowa 3G ko 2G duk lokacin da aka kira ta, saboda haka a tabbata akwai inda za ta sauka.

Mataki na bakwai: bakin iyaka

Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ta Najeriya ƴan kilomita ne, zangunan kuma iri ɗaya. Sigina na ƙetarawa ta kowane ɓangare, wayar mutum ta kama reson ƙetare yana zaune a gidansa, kiredinsa ya tafi. Abin da ke hannunka shi ne sunkuyar da fuskokin da ke kallon kudu, rage musu ƙarfi daidai bukata, da tabbatar da siginarku ta fi ƙarfi a cikin garin. Rabon tashoshi da lambobin PCI tsakanin ƙasashen biyu kuwa aikin ARCEP ne da takwararta ta Najeriya, NCC. Naka shi ne kai musu awo mai kyau: wuri, rana, sa'a, zango, ƙarfin sigina da lambar fuskar da ta shigo.

Mataki na takwas: duba bayan turke, sannan ka rubuta buƙata

Turke mai megahaz 20 na 4G da eriya biyu-biyu yana iya kai megabit 150 a daƙiƙa a fuska guda. In farantin da ke haɗa shi da sauran reso bai kai haka ba, tubala za su nuna sarari amma intanet na jan ƙafa. Farantan ma zango suke ci, da lasisinsu. Waɗanda suka haura gigahaz 10 ruwan sama mai ƙarfi na raunana su, don haka doguwar tazara a ba ta 7 ko 8, gajera ta cikin gari 18 ko 23.

In an yi duk wannan fuska ta ci gaba da cika, siginarta kuma tsaf, to bukatar ta gaske ce. Nan ma a auna ƙara fuska ta huɗu, ko sabon turke a tsakiyar cunkoson, da kuɗin sabon zango. Takardar da za ka aika hedkwata ta ƙunshi sunan kowace fuska, cikarta a sa'ar cunkoso na mako huɗu, matakin hayaniya kafin gyara da bayansa, kason wayoyin garin da ke jin zangon da ake nema, da megahaz nawa ake so a wane zango.